Jan Birki a Gangaren Wurno

Shekarun baya, lokacin da aka fara sakin ruwan madatsar Goronyo cikin sababbin kanal, ni kuma ina ƙaramin ma'aikaci mai zagaya gonaki yana duba ƙofofin ruwa, na mallaki wata tsohuwar motar Jamus mai ƙofa biyu. Wani injiniya ne ya shigo da ita zamanin ginin madatsar. Da zai tafi ya sayar wa wani ɗan kasuwa a Rabah, ta yi shekaru a rumfarsa kaji na kwana a ƙarƙashinta, sannan ta faɗo hannuna. Silinda shida gare ta. Idan na taka ta a miƙaƙƙen titin bayan gari sai in ji bayana ya manne da kujera. 'Yan unguwa suka sa mata suna Bajamushiya, ni kuma na koma yawo da makulli a yatsa ko da masallaci za ni.

Aibinta ɗaya ne, ba ta son tsayawa. Sai ka taka birki tun daga nesa, ka ɗaga ka sake takawa, ka haɗa da addu'a. Sau biyu ina wuce ƙofar gidanmu sai na dawo da baya, maƙwabta na zaune a tabarma suna ba ni hannu, wai "a hankali, direba."

Mahaifiyata tana da al'ada, duk shekara idan an cire albasa takan je Wurno ta gaida yayanta, ta kwana biyu ta dawo. A shekarar gwiwoyinta sun matsa mata, ba za ta iya motar tasha ba, inda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, kuma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Wata safiya na shiga gaishe ta tana tsintar shinkafa, na ce ranar Alhamis mai zuwa ni zan kai ta.

Ta amsa wa faifan da ke cinyarta.

"Motar da ka wuce ƙohwar gida?"

"Za a gyara ta, Inna."

"In Baba yag gyara birkinta da hannunai, in shiga. In ba shi ba, a bar ni in bi ta tasha da gwiwata."

Na ce ta ɗauka an gama. A wurinta magana ta ƙare ke nan. Ta ba ni kanta a kan abin da bakina zai faɗa mata.

Wannan Baba ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Makaniken marigayi mahaifina ne, kuma amininsa. Gidaje irin namu na malamai da tsofaffin ma'aikata kowanne yana da wanzaminsa, da mahaucinsa, da makanikensa, gadonsu ake yi kamar yadda ake gadon gona. Tun ina yaro ban taɓa ganin motar gidanmu a hannun wani ba. Ka ɗauki mota ka kai wani gareji alhali yana raye, ka gaya masa ke nan hannunsa ya mutu, ko ba ka buɗe baki ba.

Na kai masa ita a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da yake aiki. Ya cire tayoyin gaba ya duba, ya buɗe murfin man birki ya tsoma yatsa, ya murza, ya sansana. Sai ya kira ni.

"Ɗana, zo ka gani. Mi kag gani a yatsana?"

"Kumfa, Baba."

"Wanga ba man birki ba na. Ruwa na da garin sabulu. Can Rabah anka yi mata wanga aiki."

Wanda bai san ƙauyukanmu ba zai yi mamaki. Idan man birki ya tsiyaye a hanya, babu shago kusa, sai a kaɗa garin sabulu a ruwa a zuba, ya lallaɓa ya kai mutum gida. Matsalar ita ce da yawa idan sun isa gida sai su manta, a yi ta ƙara mai a kan ruwan har shekara ta zagayo. Daga nan Baba ya kama tiyon roba da ke kai mai zuwa taya, ya lanƙwasa shi a gabana. Duk jikinsa ya tsattsage.

"Hwaihwan birkinta suna lahiya, kar ka taɓa su," in ji shi. "Abu ukku taka so. Fad mai kyau, ba mai kwali mai walƙiya ba. Tiyo huɗu sabbi. Sannan a zubar da wanga ruwa dut, a wanke, a zuba mai na gaske, a hitar da iska. Shi ke nan, ta tsaya inda kac ce ta tsaya."

Na tambaye shi ko ba za a liƙa wa tsofaffin fad ɗin, wato takalman da ke kama faifan birki, sabuwar fata ba, irin yadda ake yi wa manyan motoci, tunda ya fi araha. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ana yi. Ni ba ni yi ma motar da Hajiya za ta shiga."

Da ya faɗi abin da kayan za su ci, sai na ga daidai yake da duk abin da na ajiye. Ya ce in kawo ya ba direban Sakkwato saƙo, kaya su iso ranar Talata, Laraba ya ɗaura. Na ce to, zan dawo. Na fito raina ba daɗi, kuma in faɗi gaskiya ba tsadar ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, zan zazzage aljihuna kaf, in fito da mota yadda na shiga da ita, babu wanda zai kalla ya san an yi wani abu.

Akwai abokina da muke ofis ɗaya, mutumin Gandi. Ko keke ba shi da shi a lokacin, amma babu motar da bai san cikinta ba, a baki. Na ba shi labari muna cin ƙosai, ya ajiye nasa ya riƙe haɓa.

"Tiyo? Kai, kai, kai! Za ka zuba kuɗinka dut a tiyo? Wa ka ganin tiyo? Motag ga hwa ba a-kori-kura ba ta. Tsoho na da kirki, amma ya tsaya zamanin da. Motar gudu birkin gudu taka so."

Ya ce ya san wani mai kayan Beljiyam a Sakkwato, wato kayan da ake cirowa daga motocin da suka gama aiki a Turai. Yana da birkin gaba na babbar yayar Bajamushiya, cikakke, kuma kuɗinsa bai wuce na tiyon Baba ba. Na ce dubawa kawai za mu yi. Duk wanda ya taɓa cewa dubawa kawai zai yi ya san yadda ake ƙarewa.

Ranar Asabar muka je. Mai shagon ya jawo su daga ƙarƙashin tebur ya ɗora a kan buhu. Faifai biyu manya masu huji-huji a jiki, da kalifa biyu, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki. An shafe kalifofin da jan fenti, ja wur. Ni dai tun daga nan hankalina ya bar jikina. Na riga na hango motar a ƙofar ofis, jan yana leƙowa ta tsakanin ƙarafan taya, ma'aikata na fitowa suna durƙusawa suna kallo.

Don in wanke kaina na tambaya ko za su yi daidai. Mai shagon ya ce rami da rami, ko ƙusa ɗaya ba za a canza ba. Na tambayi mai ɗaurawa batun tiyo, ya ɗan matsa shi da yatsa ya ce yana da sauran rai. Na ce man fa? Ya ce zai ƙara. Ya kuwa ƙara, 'yar kwalba ɗaya, a kan ruwan sabulun Rabah. Na ga lokacin da ya zuba, na kau da kai. Da na biya, abin da ya rage mini na fetur ne kawai. Tsofaffin kalifofin na jefa su a but ɗin bayan mota.

A hanyar dawowa na gwada. Wallahi ta kama. Abokina sai da ya dafe gilashi, yana ihu yana dukan cinyata, wai yanzu na zama mai mota. Abu ɗaya na lura da shi, ƙafata tana nutsewa ƙasa sosai kafin birkin ya ciza, fiye da da. Na faɗa masa.

"Sabo na, bai zauna ba. Ba shi kwana biyu."

Na ba shi kwana biyar. Garejin Baba yana bakin titin da nake bi zuwa ofis, saboda haka na koma zagayawa ta bayan kasuwa, cikin yashi, motar da ake yi wa kirari da gudu tana tafiya a giya ɗaya tana haki. Masallacin da muke haɗuwa da shi ma na canza, na koma wani can gefen tasha, har limamin ya fara tambayata ko na tare a unguwar ne. A ofis kuwa buri ya cika. An fito an durƙusa an kalla. Wani ma ya sa yatsa a hujin faifai ya ƙone.

Ranar Laraba bayan la'asar na shiga wurin mahaifiyata. Ta riga ta ɗaure tsarabarta, 'yar shinkafar kanal a ƙaramin buhu da kwalbar man shanu. Tana ninke zane ta yi tambayar, sau ɗaya.

"An gyara?"

"An gyara, Inna."

"Baba yag gyara?"

"Shi yag gyara."

Ta ce Alhamdu lillahi, ta ci gaba da ninkinta. Da ƙanena ne da ta ƙara tambaya biyu ko uku, ta kalli idonsa. Ni kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ba, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki. Da wannan na dogara.

Muka fita da hantsi ranar Alhamis. A gaba ta zauna, don mota mai ƙofa biyu sai an naɗe jiki ake shiga bayanta, gwiwarta kuma ba za ta yarda ba. Bazara ce, tun da safe kwalta ta fara turiri. Hanya cike take da harkar albasa, manyan motoci ana lodi a gefe, jakuna, masu shanyar tattasai sun cinye rabin titi. Kowane ɗan lokaci sai na taka birki, kuma duk takawa ina jin daɗin yadda yake kamawa. Ba mu yi hira ba, da ma ba mu saba ba. Can wajen rabin hanya na fara jin birkin ya yi laushi, sai na taka sau biyu yake amsawa. Na ce a raina idan mun dawo lafiya zan san yadda zan lallaɓa in je wa Baba. Ban rage gudu yadda ya kamata ba.

Kafin a shiga Wurno akwai wani gangare da ke sauka zuwa fadama. Muna kan sauka na hango jerin jakuna ɗauke da buhunan albasa suna tsallaka titi, wani tsoho na biye da su da sanda. Na taka sau ɗaya, na taka na biyu da ƙarfina duka. Na ji wani ɗan sauti ta gaban dama, fus, ƙafata ta tafi har ƙasa ta daki ƙarfe. Na ɗaga na sake takawa, babu komai, kamar na taka auduga.

Abin da ya biyo baya ban yi shi da tunani ba. Na cusa giya uku, na cusa biyu, inji ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Na ja hambirki, bayan motar ya fara wutsil-wutsil. A hagu akwai magudanar ruwa mai zurfi, a gaba tsoho da jakunansa, a dama gonar albasa da aka riga aka cire. Na murɗa dama. Muka sauka titi, muka riƙa tsallake kunyoyin fangali ɗaya bayan ɗaya, kanmu na dukan rufi, har muka shige cikin wani tarin albasa da aka lulluɓe da kara. Nan ta tsaya. Inji ya mutu da kansa.

Na juya wurin mahaifiyata. Ta dafe gaban mota da hannun dama, wuyan hannun har ya fara tashi. Kwalbar man shanu ta fashe a zanenta. Ta ce Inna lillahi sau ɗaya, a hankali, sannan ta tambaya, tana kallon gaba.

"Tsohon da jakkainai, ba a taɓa su ba?"

Na ce ba a taɓa su ba. Na ce, "Inna, hannunki." Ta buɗe ƙofa da hagu ta fita da kanta, ta tsaya a gefen tayar gaba. Mai yana ɗiga a kan jan kalifa yana sauka cikin ƙasa. Ta daɗe tana kallon wurin.

Mutane suka taru, kuma duk wanda ya matso sai ya fara hawaye, don mun markaɗe albasa ba kaɗan ba. Ni ma hawayen nake yi, na ji daɗin samun abin da zan laƙa wa. Mai gonar ya iso a guje da fartanya a kafaɗa, bakinsa cike da magana, amma da ya ga dattijuwa tsaye a rana da zane duk man shanu sai ya sauke murya ya gaishe ta. Ta gaya masa gidan da za ta. Ashe ya san yayanta, ya taɓa karatu a zaurensa. Ya tare wata a-kori-kura da ke shiga gari, ya sa aka ba ta gaba. Haka mahaifiyata ta ƙarasa Wurno, a motar albasa, ana ɗaga ta ana turawa kafin ta iya hawa. Batun albasar da na ɓata daga baya manya suka zauna suka daidaita mu, wannan ba shi ne labarin ba.

Labarin shi ne, kafin in koma Goronyo magana ta riga ni isa. Mahaifiyata ta gaya wa maƙwabta tun ranar Laraba cewa Baba ya gyara motar, shi ya sa za ta shiga. To sai ga shi a tasha, a kasuwa, a bakin masallaci, ana cewa birkin da Baba ya ɗaura ya tsinke da Hajiya a gangaren Wurno. Wasu na cewa tsufa ne, ido ya tafi.

Da sassafe ranar Juma'a ya zo ƙofar gidanmu a cikin wata motar ɗaukar kaya, da igiya. Ban aika masa ba. Ya ce, "Shiga mu tai." Har muka isa gonar salati kawai yake yi ƙasa-ƙasa. Ya shimfiɗa buhu, tsoho da furfura, ya kwanta cikin ruɓaɓɓiyar albasa ya shige ƙarƙashin mota. Ya fito da tiyon a hannu, ya tsage kamar an yanka da reza.

"Babbar kalihwa tana shan mai da yawa, shi yas sa ƙahwarka ka nutsewa," ya ce, kamar yana karantar da ɗalibi. "Kai kuma sai ka ƙara ƙarhi. Tsohon tiyo ba shi ɗaukar wanga ƙarhi. Layin man birki biyu na, ko da guda ya hwashe, ɗayan ya kamata ya riƙe ka. Amma ruwa na a ciki, ya tahwasa tun a hanya."

Bai tambaye ni inda aka ɗaura ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya ɗaura igiya muka jawo ta.

A gareji muka tarar da direbobi zaune a benci. Ɗaya daga cikinsu, mai baki, ya ce, "Baba, an ce aikinka na." Ina tsaye a wurin, tazarar taku biyu. Baba yana wanke hannu da fetur, bai ko ɗago ba.

"Motar gidanmu ta. Komi yas same ta, aikina na."

Na yi shiru. Wannan shirun ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin, ya fi jan fentin, ya fi ƙaryar ranar Laraba. A makon nan na ga wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana kai masa mota ya wuce da ita wani gareji. Na gani da idona, na sunkuyar da kai na wuce.

Mahaifiyata ta dawo ranar Asabar, mai ɗori ya ɗaure mata hannu da kara da tsumma. Kullum da safe in shiga in gaishe ta, in tambayi hannu, ta ce da sauƙi, in fito. Ba ta ambaci mota ba, ba ta ambaci Baba ba. Abinci ya daina shiga mini. Ranar Talata na kasa daurewa, na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na faɗa mata duka, tun daga ƙosai har shagon Sakkwato, har zagayen bayan kasuwa.

Ta bari na gama. Tana kallon hannunta da aka ɗaure.

"Na sani tun cikin gona. Baba bai taɓa shahwa ma ƙarhe jan henti ba, ko zamanin babanku." Ta ɗan gyara zaman hannun a cinya. "Jira nika in ga kwana nawa za ka bar tsoho ɗauke da kayanka. Tun Alhamis nika ƙirga."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana duka. Sannan ta ce wani abu da ban shirya masa ba.

"Amma ba nan ɗaki anka ɓata sunanai ba. Tashi ka tai inda anka ɓata shi."

Na je garejin da hantsi, lokacin da benci ya cika. Na tsaya a tsakiya, da rigar ofis, na faɗa da ƙarfi cewa Baba bai taɓa birkin nan ba, ni na kai ta Sakkwato a ɓoye aka ɗaura kayan Beljiyam, ya gaya mini abin da ya kamata na ƙi ji, kuma na yi wa mahaifiyata ƙarya da sunansa. Baba yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Daga can ya yi magana.

"To, an ji. Miƙo man sifana sha ukku."

Na miƙa masa. Iyakar abin da ya taɓa cewa a kan maganar ke nan har ya bar duniya.

Da wata ya ƙare na kawo abin da ya ce tun farko. Ya ciro tsofaffin kalifofin daga but ya wanke su ya mayar, ya samo faifai irin nata na asali, ya sa fad mai kyau, tiyo huɗu, ya zubar da ruwan Rabah ya zuba mai. Ni na zauna a kujera ina taka birki yana cewa "taka, riƙe, saki" har iska ta fita. Babu abin da ido zai gani. Na ƙara shekara huɗu da Bajamushiya, ba ta sake wuce ƙofar gida ba. Jajayen kalifofin kuwa abokina ya roƙa na ba shi. Da na je Gandi wata sallah na tarar ya ɗaure ragonsa da ɗaya.

Har yau matasa masu tsofaffin motocin gudu sukan turo mini tambaya, wai da ɗan kuɗi kaɗan wane birki za su sa. Amsata ba ta burge su. Nakan ce su fara da man da ke ciki, su san mene ne shi da kuma yaushe aka zuba. Su lanƙwasa tiyo su gani. Su sayi fad na kirki. Idan kuɗi ya ragu bayan wannan, kuma da wuya ya ragu, to a yi maganar manyan faifai, tare da wanda ya san ko sauran kayan motar za su ɗauka. Yawancinsu sukan yi godiya su tafi su sayi jan. Ba na jin haushinsu, na san daɗin da ake ji idan mutane sun durƙusa suna kallon tayarka.

Na daɗe ina ganin labarin ya ƙare lafiya. Hannun mahaifiyata ya warke. Bayan Bajamushiya na yi wasu motoci biyu, kuma ni na ci gaba da kai ta Wurno duk shekara, da asibiti a Sakkwato, da biki da gaisuwar rasuwa a Rabah da Shinaka. Ba ta taɓa ƙin shiga ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Takan zauna a gaba, ta kama mariƙin ƙofa, idonta a kan titi tun daga gida har inda za mu. Na ɗauka haka take zama a mota.

Sai bayan rasuwarta, a kwanakin zaman makoki, muna tsakar gida da ƙannena ana tuna halayenta, ana kuka ana dariya. Ƙanwata ta ce, "Inna da mota! Ba a hita gari ta yi kwana." Ƙanena ya karɓe, ya ce shi duk lokacin da ya ɗauke ta sai ya tashe ta a ƙofar gidan da za su, wani lokaci har da minshari. Mijin ƙanwata ya ce shi ma haka. Har direban tasha, in ji su, ya san ta da wannan.

Na zauna ina lalube a cikin kaina, shekara bayan shekara, tafiya bayan tafiya. Na samo ranar ƙarshe da na ga ta yi barci a gefena. Alhamis ɗin nan ce. Tun muna fita Goronyo ta jingina kai da gilashi, ƙarar inji a gangare ce ta tashe ta.

Suka juyo suna jira in faɗi nawa. Na yi dariya tare da su, na ce haka ne, Inna akwai barci.